Zoɓon Ubale Mai Gas

Ubale ɗan acaɓa ne a Yako, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce yana harkar ilimi. Hujjarsa ita ce, kullum da safe shi yake ɗauko Malama Muhsina daga inda bas take sauke ta, ya kai ta sakandaren 'yan mata inda take koyar da kemistiri. Idan ya sauke ta ba ya komawa tasha nan take. Akwai wata darbejiya dab da tagar ajin, sai ya kafe babur a inuwarta, ya kishingiɗa a kansa yana sauraron darasi, har sai wani fasinja ya ƙwala masa kira. Da yake hanyar ba ta rabuwa da mutane, bai taɓa jin ƙarshen darasi ba. Duk ilimin Ubale farkon darasi ne.

Wata safiya Malama ta shiga aji da kaya kamar mai shirin girki: lemon tsami, tsamiya, kanwa, toka, sabulu da gorar zoɓo. Ta ce wa ɗalibanta kayan nan gida biyu ne. Masu tsami, irin lemo da tsamiya da nono, su ake kira asid. Masu santsi a hannu da bauri a baki, irin kanwa da ruwan toka da sabulu, su ne bes. Zoɓo kuwa ɗan rahoto ne, idan asid ya fi yawa yana nan ja, idan bes ya rinjaya sai ya koma kore. Idan asid da bes suka haɗu kashe juna suke yi, abin da zai rage gishiri ne da ruwa. Sannan ta matsa lemon tsami a kofin ruwan kanwa, kofin ya hau tafasa ba tare da wuta ba. Ta ce wannan kumfar iska ce take fita, irin wadda ake ɗurawa a lemon kwalba.

A nan Ubale ya miƙe zaune. A nan kuma wata mata mai buhun masara ta kira shi ya kai ta inji. Bayan tafiyarsa ne Malama ta yi bayanin awo, ta kuma ja kunnen ɗalibai kada wadda ta kuskura ta haɗa kanwa da tsami a kwalba ta rufe.

A lokacin Ubale yana neman auren wata bazawara a Ba'awa mai suna Saude, 'yar gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Ba a biki a Ba'awa ba a sha zoɓon Saude ba. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun ƙanensa, Baffa Buba, dattijon da ba ya ɗaga murya ko shanu sun shiga gona. Matsalar Ubale ɗaya ce, sunanta Ghali. Ghali yana da shago a Yako, yana da sola, yana da firji, kuma shi ma Saude yake so. Baffa Buba ya ce zai faɗi wanda zai turo manyansa bayan sunan ɗan ƙanen Saude, wanda za a yi ranar Asabar.

Ranar jajibirin sunan, bayan La'asar, aka haɗu a teburin mai shayi. Ghali ya ajiye makullan shagonsa a kan tebur yadda kowa zai ji ƙararsu.

"Gobe akwatunan lemo zan sauke a ƙofar gidan Baffa," in ji shi. "Masu sanyi. Kowa ya sha ya yi gyatsa. Malam Taga, kai me za ka kai? Ko hayaƙin babur?"

Malam Taga shi ne sunan da ake tsokanar Ubale da shi. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi a hankali.

"Ghali, lemon kwalba mene ne?"

"Abin da ba ka iya saye."

"Ruwa ne da sukari da gas. Kai sayo shi kake yi kamar kowane jahili. Ni haɗa shi nake yi."

"Gas ɗin kake haɗawa?"

"Da hannuna. Gobe zoɓon Saude zai yi tsssss a gaban Baffa. Wanda ya ɗanɗana nawa ba zai kalli kwalbarka ba. Idan kamfanoni suka ji labari, ina jin sai na canza lamba."

Mai shayi ya ce, "Ubale, a wace jami'a ka yi wannan?"

"Ilimi ba ya tambayar ta ƙofa aka shigo ko ta taga."

Aka yi dariya, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Washegari da hantsi ya isa Ba'awa. Saude ta fito zaure hannunta duk ja, ta kwana biyu tana fama da tukwane. Ta riga ta tace zoɓonta ta ɗura a babbar jarka, ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba.

"Kawo in kai Yako ya yi sanyi," in ji Ubale.

"A firjin wa? Na Ghali?"

"Allah ya kiyaye. Ina da hanyata."

Saude ta dube shi, ta dubi jarkar. "Malam Ubale, sanyi kawai. Kada ka ƙara masa komai, kada ka rage masa komai. Bayan La'asar maza za su zauna walima, kuma shi ke nan zoɓon da nake da shi."

"Ki kwantar da hankalinki. Yau sunanki zai kai Tudun Wada."

"Ni ya tsaya a Ba'awa ma ya ishe ni."

Ya ɗaure jarka a babur, ya nufi gidan yayarsa Habiba a Yako. Ya same ta tana tankaɗe. Bai tsaya dogon bayani ba, ya jawo babban bahon wankinta ya ɗauraye, ya juye zoɓon a ciki.

"Yaya, ina kanwarki?"

"Ciwon ciki kake yi?"

"Aikin kimiyya ne. Ba lallai ki gane ba."

Ta miƙo masa ɗan gutsure irin na miya. Ya girgiza kai, ya shiga madafa da kansa ya ɗauko kwanon gaba ɗaya. Ya daka, ya jiƙa, ya tuttula a baho. Zoɓo ya taso yana huci, kumfa ta cika baho har tana zuba.

"Kin gani? Gas."

Kumfar ta kwanta. Abin da ya rage a baho ba ja ba ne. Wani irin kore ne mai duhu. Habiba ta ajiye rariya ta matso.

"Ubale, zoɓon mutane ka mayar miyar kuka?"

"Bes ne ya rinjaya. Abu ne sananne."

"Sananne a ina? Ni tun da nake ban taɓa ganin an kai miyar kuka walima a kofi ba."

"Asid zan ƙara. Wa yake da lemon tsami?"

Maƙwabciyarsu Iya Kaltume tana da bishiyar lemon tsami, kuma dama tana tsaye a kan turmi tana leƙowa ta katanga tun da ta ji hucin baho. Ta ce ya tsinka, amma da sharaɗin ba za a kore ta daga kallo ba. Ubale ya tsinko cikin kwando, ya zauna yana yankawa yana matsewa. Baho ya sake tasowa, kuma a gaban idonsu koren ya washe, ja ya dawo.

Iya Kaltume ta yi salati. "Ɗan nan, ko ka fara hulɗa da mutanen ɓoye ne?"

"Kemistiri ne, Iya."

"Shi ne sunan babbansu?"

Ubale ya ɗebo a ludayi ya kurɓa. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa, kuncinsa ya shige ciki.

"Yaya dai?" in ji Habiba.

"Asid ya ɗan yi gaba. Kaɗan."

Kanwar gidan ta ƙare, sai aka karɓo ta maƙwabta. Ya zuba, zoɓo ya koma kore. Lemon da hannu ke kaiwa ya ƙare, sai aka jiƙa tsamiya. Ya zuba, ya koma ja. Kafin azahar matan layin sun jeru a kan katanga, wasu da goyo. Duk lokacin da Ubale ya ɗaga kwano sai su rabu biyu, wasu su ce kore, wasu su ce ja. Wata ta aika a kira mata kishiyar uwarta daga unguwar gaba, ta ce kada a yi babu ita.

Da yake duk abin da yake zubawa da ruwa yake zuwa, zoɓon jarka ɗaya ya zama na jarka biyu. Ubale ya nuna wa jama'a wannan.

"Kun ga wata ribar ilimi. Ya haihu."

"Sukarin bai haihu ba," in ji Habiba.

A ƙarshe ya samu ja mai kyau. Sai dai bahon ya yi tsit. Ya kara kunne, babu tsssss, babu komai. Ya zagaya bahon yana tunani, hannu a baya kamar yadda ya ga Malama tana yi.

"Na gano," in ji shi. "Gas ɗin guduwa yake yi saboda baho a buɗe yake. Ai shi ya sa kwalba take da murfi."

Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne farkon darasi ya ƙare.

Ya aro jarka ta biyu. Ya ɗura zoɓon a duka biyun har wuya, ya ƙara wa kowace ruwan tsamiya mai kauri. Sannan ya ɗauko dunƙule-dunƙulen kanwa waɗanda bai daka ba, ya jefa a ciki, ya yi maza ya rufe. Ya sa leda a bakin, ya murɗa murfi da ƙarfinsa, ya naɗe da robar tsohon tiyub na taya. Ragowar kanwa da 'yan lemon tsami ya zuba a aljihu, ko za a buƙaci gyara a can.

"Ƙanƙarar fa?" in ji Habiba. "Ba sanyi aka aiko ka ba?"

"Wanda ya ga gas ba ya tambayar sanyi."

Hanyar Ba'awa ba ta da kirki, kuma rana ce ta bazara. Duk ramin da babur ya faɗa sai jarkokin su yi wani gurnani. Tun yana jin su a gefen cinyoyinsa har ya fara jin suna tura shi gaba. Wani mai keke da ya wuce ya waiwayo.

"Mai babur, jarkokinka sun yi ciki."

"Inganci ne," in ji Ubale, ya ƙara wuta.

Da ya iso, an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, maza sun zauna. Akwatunan Ghali suna gefe a jere, kwalabe na zufar sanyi, shi kuma yana tsaye kusa da su da mabuɗi a hannu yana jira a ce bismilla. Baffa Buba yana tsakiya a kan kujera, cikin sabuwar babbar riga ta shadda fara ƙal, wadda aka ɗinka musamman don ranar.

Ubale ya kwance jarka ɗaya. Ba ta zauna a ƙasa ba, gindinta ya zama kamar na ƙwarya, sai da ya riƙe ta da gwiwoyi. Ya durƙusa ya gaida Baffa.

"Sannu, Ubale. Wannan zoɓon Saude ne?"

"Shi ne, Baffa, amma ya yi karatu."

"To."

"Ina so a gabanka za a buɗe, don kai ne babba. Jama'a a ɗan yi shiru, akwai sautin da nake so ku ji."

Ghali ya ce, "Malam Taga, jarkar nan numfashi take yi."

"Kai dai riƙe mabuɗinka."

Ya mirgino jarkar har gaban Baffa, ya karkata bakinta wajensa don girmamawa, ya fara warware robar tiyub. Bai kai ga taɓa murfin ba. Murfin ya tafi da kansa. Ya tsaga rumfa ya wuce, har yau ba a san inda ya sauka ba. Bayansa zoɓo ya biyo, kauri kamar cinyar mutum, ya sauka a ƙirjin Baffa Buba, ya haura gemu, ya ɗauke hula. Sahun gaba suka watse, wani ya taka farantin waina, mai kiran sallar unguwa ya tsallake mutum biyu ba tare da sandarsa ba.

Da abin ya lafa, Baffa yana nan zaune inda yake. Daga wuya zuwa gwiwa jawur. Ya sa hannu ya share gemunsa, ya duba tafinsa.

"Mun ji sautin," in ji shi.

"Baffa, kada ka damu. Wannan tabon asid ne, kuma asid yana da magani."

Kafin a tare shi Ubale ya zaro kanwa daga aljihu, ya tsoma a butar alwala, ya kama gaban rigar yana gogawa. Duk inda ya goga sai jan ya ɓace, kore ya maye gurbinsa. Ya ƙara ƙarfi, koren ya ƙara faɗi. Mutanen da suka gudu suka fara dawowa don su gani da kyau.

"Bes ya rinjaya," in ji Ubale, gumi na zuba. Ya ciro lemon tsami ya gatsa da haƙori ya matse a kan aljihun rigar. Wurin ya koma ja. Yanzu Baffa yana da ja a kafaɗa, kore a ciki, da wani ja kuma a tsakiyar koren.

Baffa ya sunkuya ya dubi kansa a tsanake.

"Ubale."

"Na'am, Baffa."

"Launi nawa ya rage? In da saura, in gyara zama."

Dariyar da aka danne ta ɓalle har cikin gida, inda mata suka cika zaure suna leƙe. Ana cikin haka sai aka ji wani ƙiiii daga wajen babur. Jarka ta biyu tana nan a ɗaure, a cikin rana, ta yi tim kamar tunkiyar da ta ci rogo.

Ghali ya rungumi akwatunansa. "Ka fitar da ita daga nan. Wallahi idan ta fasa min kwalba ɗaya, sai mun je gaban dagaci."

Babu wanda ya yarda ya matsa. Ubale ya lallaɓa ya kama kan babur, ya tura shi a hankali yana yi wa jarkar magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin doki. Ya wuce turken shanu, ya shiga gonar da aka share ana jiran ruwa. Jama'a na kallonsa har ya yi nisa. Sai tayar gaba ta ci karo da wata tsohuwar kunyar gona. Aka ji tum, shanu suka zabura, wani jan hazo ya tashi ya sauka.

Ubale ya dawo a ƙasa yana ɗiga, babu inda ba ja ba sai idanunsa.

Baffa ya sa an kawo kofi, aka tsiyayo abin da ya rage a jarkar farko. Ya miƙa masa.

"An ce ka ce ya fi na kwalba. Sha mu gani."

Ubale ya karɓa da hannu biyu. Ya kafa kai. Maƙogwaronsa ya yi gardama, ya matsa masa. Da ya sauke kofin hawaye na bin kuncinsa, amma sai fuskarsa ta washe.

"Gishiri," in ji shi. "Gishiri da ruwa. Wallahi haka Malama ta ce za a samu. Jama'a, aikin ya yi daidai."

Sai wata gyatsa ta taso masa tun daga cibiya, doguwa, har ta sa wani yaro kuka.

"Kun ji gas ɗin kuma."

Ghali ya ga lokacinsa ya yi. Ya fasa lemo mai sanyi ya kai wa Baffa, ya durƙusa. "Baffa, gobe zan kawo maka sabuwar shadda, wadda ta fi wannan."

"Kai ka ɓata ta?"

"A'a."

"To bar wa mai ita." Baffa ya miƙe, ya tuɓe babbar rigar, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya riƙe ta da yatsu biyu. "Ubale, na ce yau zan yi magana, ga ta. Ranar da rigar nan ta koma fara kamar yadda tela ya ba ni, ka turo manyanka. Idan ba ta koma ba, kada in ƙara ganin tayar babur ɗinka a Ba'awa."

Ghali ya yi murmushi, don kowa ya san yadda zoɓo yake kama farin yadi. Ubale kuwa idonsa ya kawo haske.

"Baffa, wannan mai sauƙi ne. Akwai wani asid mai ƙarfi a cikin batirin mota, idan na..."

Bai ƙarasa ba. Saude ta fito daga zaure, mayafi a ka, ta ratsa maza ba ta kalli kowa ba, ta karɓe rigar daga hannun Baffa.

"Kawo, Baffa. Ni zan wanke."

Baffa ya dube ta, sannan ya sakar mata. Ghali ya dubi rigar a hannunta, ya dubi akwatunansa, ya fara tattara kwalabensa ba tare da an ce masa komai ba.

Da za ta koma ciki ta tsaya kusa da Ubale, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji, sai dai duk zauren ya ji.

"Na ce maka sanyi kawai."

"Ai da kin ga yadda ya haihu..."

"Tabon zoɓo yana da taurin kai, Malam Ubale. Yana iya fita kafin damina, yana iya kaiwa kaka. Ya danganta da abin da kunnena yake jiyo min daga teburin mai shayi."

Tun daga ranar, rigar Baffa Buba tana kan igiya a bayan gidan, inda ake hango ta daga hanya. Ubale ya kan rage gudu idan ya zo wucewa, ko da fasinja a baya. Tabon yana ta dusashewa, don Ubale ya koyi shan shayi baki a rufe, har Malama Muhsina ta lura cewa yanzu ko an kira shi ba ya barin gindin taga sai an buga ƙararrawa. Saura ɗan shuɗi-shuɗi a bakin aljihu, Habiba har ta fara tambayar farashin goro.

Sai aka fara darasin man fetur. Ubale ya daure, ya daure, ranar kasuwa ya kasa. Ya gaya wa mutanen teburin mai shayi cewa shi fa ya gano yadda ake haɗa fetur, man gyaɗa kawai yake buƙata da tukunya mai murfi.

Washegari ya bi ta Ba'awa ya rage gudu. Rigar tana kan igiya, jawur, tana ɗigar sabon zoɓo.